Kakanmu Ɗan'azumi: shekara 110 ya yi a duniya, ko kuwa lissafin gida ne?

Jikan Ɗan'azumi:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na zo da wata matsala wadda ta fi ƙarfina, ina roƙon masana tarihi da masana lissafin watanni su taimaka mini. Danginmu suna shirin taron zumunci, kuma babban yayanmu ya yanke shawarar a buga ɗan littafi na asalin gidanmu, sai aka ɗora mini nauyin rubuta shafin kakanmu na wajen uba, wanda duk garin suka fi sani da laƙabin Ɗan'azumi. Mutumin wani ƙauye ne tsakanin Wudil da Garko a ƙasar Kano, manomi ne, yana kuma taɓa fatauci da jakuna idan an gama aikin gona. Ni ban riske shi ba, domin ya rasu kafin a haife ni.

Tun muna yara abin da muke ji shi ne ya shekara 110 a duniya, kuma ba a taɓa samun wanda ya yi musu ba. Da na zauna zan rubuta shekarar haihuwarsa sai na ga ba ni da takarda ko ɗaya, don haka na tafi wajen Goggo, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yansa. Ga abin da ta ba ni: ya rasu a shekarar da aka canza kuɗi, an haife shi cikin watan azumi, yana kwance cikin kaciya aka yi gudun yaƙi a garinsu, lokacin da Nasara suka ci Kano bai yi aure ba, ɗansa na fari da ya rayu an haife shi a cikin wata babbar yunwa, matarsa ta fari kuma annoba ce ta ɗauke ta. Ita Goggo an gaya mata cewa an haife ta a shekarar da Sarkin Kano ya tafi Makka, mahaifina kuwa, wanda shi ne auta, an haife shi a shekarar da sarkin ya rasu. Shin waɗannan abubuwa za su iya zama a cikin shekara 110 ba tare da sun ture juna ba?

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka yi dace da Goggonka tana raye kuma hankalinta yana tare da ita, domin abin da ta ba ka ya fi abin da yawancin gidaje ke da shi. Shawarata ita ce kada ka fara da haihuwa, ka fara da rasuwa, saboda ita ce ta fi kusa da mu kuma akwai waɗanda suka halarce ta da idonsu.

Sai dai kalmar "shekarar da aka canza kuɗi" tarko ce. A tsawon rayuwar Goggonka an canza kuɗi a ƙasar nan aƙalla sau huɗu waɗanda talaka ya ji a jikinsa: a 1959 lokacin da Babban Banki ya fitar da fam na Nijeriya ya maye gurbin kuɗin Afirka ta Yamma, a farkon 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, a ranar 1 ga Janairu 1973 da naira da kwabo suka shigo, sannan a Afrilu 1984 da gwamnatin soja ta sauya launin takardun kuɗi. Tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 25 ce cif. Haka yunwa ma ba ɗaya ba ce, yaƙi ma ba ɗaya ba ne. Abu biyu ne kawai a jerinka za a iya kafa su nan take. Sarkin da ya tafi Makka har aka riƙa ce masa Sarki Alhaji shi ne Abdullahi Bayero, ya yi hajji a 1937, ya kuma rasu a Disamba 1953. Ka koma ka tambaye ta wane canjin kuɗi take nufi.

Mai Kishin Gida:

Ni kam ban ga amfanin wannan tonon ba. Dattawan gida sun ce mutum ya yi shekara 110, su suka zauna da shi, su suka yi masa wanka suka kai shi makwancinsa, sai jikan da bai taɓa ganinsa ba ya zo da alƙalami yana neman ya rage masa shekaru? Mutanen da ba irinmu ba ne, ba su ci abincin gwangwani ba, fura da tuwon dawa suka tashi da su, kuma tsawon rai a hannun Allah yake. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ka rubuta abin da ka tarar, ka bar dangi su yi zumuncinsu lafiya.

Bakatsiniya:

Ɗan'uwa mai tambaya, ina da 'yar shawara a kan yadda za ka koma wajen Goggo, domin na yi irin wannan aiki da kakata kafin Allah ya yi mata rasuwa. Tsohuwa ba a tambayarta shekara. Idan ka ce mata "a wace shekara ce", za ta ba ka lambar da ta ji ana faɗa, ko ta ce Allah ne masani, magana ta ƙare. Ka tambaye ta wa take goyo ranar da aka yi rasuwar, a gidan wa take aure, su wa suka zo gaisuwa kuma da wace mota, me aka dafa na sadakar uku, da wane irin kuɗi aka sayi likkafani. Mata suna ƙirga zamani da goyo da yaye da aure, kuma lissafinmu a wannan fanni ba ya cika kuskure, tunda kowane ɗa yana nan ana iya ganinsa a kuma binciki shekarunsa.

Ka kuma lura da alkunya. Idan ta ce "yaron nan" ko "mai sunan Malam", kada ka yi saurin rubutawa sai ka tabbatar da wanda take nufi, domin ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba ko da za ka kwana kana tambaya. Ni na ɓata wata guda ina bin mutum biyu a labarin kakata, ashe mutum ɗaya ne take kira da laƙabi biyu.

Jikan Ɗan'azumi:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, dabararki ta yi aiki. Na je jiya da yamma na tambaye ta su wa suka zo gaisuwa, sai ta ce ai mutane ba su taru yadda ya kamata ba, saboda a makon nan ne jirgin alhazai ya faɗi a Kano, kowa yana ta kai-kawo tsakanin gidajen makoki, har ma waɗansu 'yan'uwa na birni sai bayan sadakar bakwai suka samu zuwa. Ta ce ana cikin hazo da sanyi, ba a daɗe da yin babbar Sallah ba, kuma ta tuna an yi gardama da mai yadi a kan likkafani domin shi yana faɗin kuɗi da naira, su kuma suna lissafi da fam da sule.

Tsohon Malamin Tarihi:

To, alhamdu lillahi, yanzu mun sami turke. Haɗarin jirgin alhazai da take magana shi ne na ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin da ya taso daga Jidda zai sauka Legas aka karkato shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, mutum 176 suka rasu. Naira a lokacin ba ta cika wata guda da fitowa ba, fam ɗaya yana daidai da naira biyu, sule kuma kwabo goma, saboda haka gardamar mai yadi ta zauna daram a wurinta. Kakanka ya rasu a ƙarshen Janairu 1973, ba sauran shakka a wannan.

Yanzu mu gwada 110 ɗin, ba don raina kowa ba. Idan aka cire 110 daga 1973 za a samu 1863, wato zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855. Turawa sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, bayan sun taso daga Zariya sun bi ta Bebeji, Sarki Alu kuma ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A wannan lissafi kakanka yana da shekara arba'in ranar da aka ci Kano, amma Goggo ta ce bai yi aure ba. Manomi ɗan shekara arba'in a ƙauyen Kano na wancan zamani, lafiyarsa ƙalau, bai taɓa aure ba, wannan abu ne da da kansa zai zama labari a dangi. Sannan zai zamana ya haifi Goggo yana da 74, ya haifi mahaifinka yana da 90. Ban ce ba ya yiwuwa ba, amma abubuwa uku masu wuya sun taru a kan mutum ɗaya.

Abin da zai raba gardama shi ne yaƙin da aka yi gudu yana cikin kaciya, kuma a nan sai an yi hattara. Yankinku na kudu maso gabashin Kano ya sha hare-haren Ningawa shekaru da yawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, don haka gudun yaƙi a wurinku ba sau ɗaya aka yi shi ba, kuma idan na Ningi ne ba zai ba mu shekara ba. Amma idan Basasar Kano ce, to lokacinta sananne ne. Sarki Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi yarda suka fice zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko, wato a bakin ƙofarku, Alu ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Ka tambayi Goggo ko ta taɓa jin ya ambaci Yusufawa da Tukurawa, amma kada ka sa mata kalmar a baki, ka bar ta ta fito da ita da kanta.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa ga Baba Malam da sauran jama'a daga Zinder. Akwai yaƙi na uku da ba a ambata ba, ko da yake ina jin bai shafi ƙauyen mai tambaya ba: a zamanin Alu, Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi ƙasar Kano, amma ta arewa ya shigo, wajen Gezawa, ba ta Garko ba. Na faɗa ne domin wani mai karatu wanda kakansa ɗan arewacin Kano ne kada ya ɗauki kowane gudu a matsayin Basasa.

Mu a nan turakunmu dabam ne. Tsofaffinmu suna lissafi da shekarar da aka kashe Bafaranshen nan Kazamaju a Zinder, wato 1898, da shigowar Faransawa a shekarar da ta biyo, da yaƙin Kawusan a Agadas a 1916 zuwa 1917, da kuma ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Yunwa ce kawai ba ta san iyaka ba, Kakalaba da ta ci ku ita ta ci mu. Kuma ina gargaɗin mai tambaya game da takardu: ko ya samu takarda kada ya ɗauka ya gama. Takardun haihuwa da aka yi wa iyayenmu daga baya a kotu, yawancinsu "wajen shekara kaza" aka rubuta, ma'aikaci ne ya dubi fuskar mutum ya yanka masa shekaru, shi ya sa za ka ga rabin tsofaffin gari an haife su ranar 1 ga Janairu.

Almajirin Zaure:

Bismillah. Ina ganin an tsallake hujja mafi ƙarfi, alhali tana cikin sunan mutumin. Ba a kiran yaro Ɗan'azumi sai an haife shi a Ramadan, kuma Ramadan ba ya tsayawa a yanayi ɗaya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka azumi yana ja da baya a hankali, ya bi damina da bazara da hunturu da kaka, sai bayan shekara 33 ya dawo inda ya taso. Idan Goggo ta san yanayin da aka haife shi, ko ana ruwa ne, ko ana sanyi, ko ana girbi, to za mu iya ware 'yan shekarun da azumi ya faɗo a wannan yanayi mu zubar da sauran. Malam mai tambaya, ko akwai wani abu makamancin haka a cikin abin da ta faɗa?

Jikan Ɗan'azumi:

Allah ya gafarta Malam, akwai, ni ne ban ɗauke shi da muhimmanci ba shi ya sa ban rubuta ba. Ta sha gaya mana cewa shi da kansa yakan ce mahaifinsa yana gona yana shuka, da azumi a bakinsa, aka aika yaro ya gaya masa an sauka lafiya, kuma bai bar gonar ba sai da ya ƙarasa irin da ke cikin ƙwaryarsa. A gidanmu ana ba da wannan labari ne don a nuna irin naci na mutanen da a kan noma.

Almajirin Zaure:

Madalla, wannan labari da kuke bayarwa don wa'azi shi ne takardar haihuwarsa. Shekarar 1300 ta Hijira ta kama a Nuwamba 1882. Daga nan idan aka bi lissafi, azumin 1301 ya kama wajen 25 ga Yuni 1884, na 1302 wajen 14 ga Yuni 1885, na 1303 wajen 3 ga Yuni 1886, na 1304 wajen 24 ga Mayu 1887, da bambancin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon ganin wata. Waɗannan su ne shekarun da azumi ya haɗu da shuka a ƙasar Kano. Kafin su sai an koma wajen 1852, bayansu kuma sai 1917 da 1918, kuma duka biyun ba su dace da mutumin da ya ga zuwan Turawa yana saurayi ya kuma rasu a 1973 ba.

Ita kuwa 1863 da lissafin 110 ya ba mu, azuminta ya kama ne wajen 20 ga Fabrairu, ƙarshen hunturu, ƙasa a bushe ƙamas, babu wanda ke shuka gero a Fabrairu. Saboda haka maganganu biyu na gidanku, ta 110 da ta shuka cikin azumi, ba za su gaskata tare ba, dole ɗaya ta ba ɗaya wuri.

Manomin Gaya:

Malam, lissafinka ya burge ni, amma a matsayina na wanda ya tashi da fartanya ina da gyara kaɗan. Ba kullum ake jiran ruwa ya sauka kafin a yi shuka ba. Akwai binne, inda ake zuba iri a busasshiyar ƙasa tun cikin Mayu a jira ruwan fari, kuma mutanenmu na da suna yinsa sosai a jigawa. Haka kuma idan shukar fari ta ƙone akan sake wata har cikin Yuli, ga wake da ake shukawa a makare. Don haka ina ganin a buɗe ƙofar kaɗan ta kowane gefe.

Almajirin Zaure:

Gyaranka ya karɓu, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan aka sa binne, azumin 1305 wanda ya kama wajen 12 ga Mayu 1888 ya shigo, idan aka sa maimaicin shuka, na 1300 wanda ya kama a farkon Yuli 1883 shi ma ya shigo. Ƙofar ta zama daga 1883 zuwa 1888. Ko da an buɗe ta haka, tsakaninta da 1863 shekara ashirin ce.

Mai Kishin Gida:

Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina da tambaya ɗaya wadda nake so a amsa mini ba tare da kewaye-kewaye ba. Wa ya gaya muku an haife shi ana shuka? Goggo. Wa ya gaya muku yana cikin kaciya aka yi gudu? Goggo. Wa ya ce ya yi 110? Ita dai Goggon da 'yan'uwanta. To da wane ma'auni kuka karɓi maganarta a wuri biyu kuka ƙi ta a wuri na uku? Ita ma ai ba ta ga haihuwar ubanta ba, ji ta yi. Idan ji ba hujja ba ne, to ku zubar da duka. Sannan a ƙauyukanmu an san labarin uba yakan koma kan ɗa idan an daɗe ana bayarwa, musamman idan sunansu ɗaya ko sana'arsu ɗaya. Me ya hana labarin shukar ya zama na wani ne a gidan aka jingina masa?

Tsohon Malamin Tarihi:

Ƙanena, wannan tambaya taka ita ce mafi nauyi a duk zaren nan, kuma na ji daɗi da ka yi ta, domin gaskiya ne labarin uba yana komawa kan ɗa, na gani da idona a gidaje da dama. Amsata ita ce maganganun ba iri ɗaya ba ne, ko da bakin da ya faɗe su ɗaya ne. Labarin kaciya da gudun yaƙi abu ne da mutumin ya gani da kansa ya faɗa wa 'yarsa. Labarin shuka uwarsa ko ubansa ne suka gaya masa, kuma laƙabinsa yana tsaye a matsayin shaida a kan rabin labarin. Ita kuwa 110 ba wanda ya gan ta, jimla ce, kuma jimla tana bukatar wanda ya riƙe ƙirga tun daga ranar suna har ranar jana'iza. Wa ya riƙe wannan ƙirga a gidan da ba a rubuta ranar haihuwa? Abin da yakan faru shi ne tsoho ya kai matsayin da duk sa'o'insa sun mutu, babu mai cewa "tare aka yi mana kaciya", sai a ce ya kai ɗari, bayan 'yan shekaru a ƙara masa goma. Ba ƙarya ake nufi ba, girmamawa ce. Ma'aikatan ƙidayar jama'a sun san wannan, shi ya sa suke yawo da jerin sarakuna da yunwa da annoba na kowane yanki, kuma duk da haka za ka ga shekarun tsofaffi sun taru a kan sittin da saba'in da tamanin, kamar ba a haihuwar kowa a tsakani.

Abu na biyu, ba magana ɗaya muka dogara da ita ba. Azumi da shuka sun fito daga lissafin wata, rashin aure a 1903 ya fito daga al'ada, haihuwar auta a 1953 ta fito daga tarihin sarauta, kuma ba wanda ya shirya su don su dace, amma duka sun nuna wuri ɗaya. Idan labarin shukar na wani ne aka jingina masa, to sai mu yi mamakin yadda ya faɗo daidai inda sauran suka nuna. Duk da haka ina jiran amsar yaƙin, domin idan ta ce Ningawa ne, ƙafa ɗaya ta hujjarmu ta rage ƙarfi, kuma zan faɗi haka a fili.

Jikan Ɗan'azumi:

Baba Malam, na bi umarninka, ban ambaci sunan kowa ba, na ce mata kawai su wa aka guje wa. Ta yi shiru, sannan ta ce ba arna ba ne, 'ya'yan sarki ne suke faɗa da junansu, kuma mahayan da suka bi ta garin suna kan hanyarsu ta zuwa Takai ne, suka buɗe rumbuna suka ɗebi hatsi. Ta ce su bakwai aka yi wa kaciyar tare, aka kwashe su a kan jakuna aka kai su cikin wani kurmi saboda ba sa iya tafiya, ana tsananin sanyi. Kalmar Yusufawa ba ta fito daga bakinta ba sai da na faɗa daga baya, ta ce ta taɓa ji amma ba za ta rantse ba.

Na kuma tambaye ta yunwar. Ta ce sunan da yake kiranta da shi Kakalaba, kuma yakan ce shekara guda kafin ta ya kai gyaɗa Kano a kan jakuna ya ga jirgin ƙasa da idonsa, ya samu kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, sai ga shi a shekara mai zuwa kuɗin ba su sayen hatsi. Annobar da ta kashe matarsa kuwa ta ce mura ce mai zazzaɓi, ba sanƙarau ba, kuma ba a daɗe ba Sarki Abbas ya rasu.

Tsohon Malamin Tarihi:

To ai magana ta haɗu. Takai ita ce sansanin Yusufawa, kuma ficewarsu daga birni ta biyo bayan rasuwar Sarki Bello a ƙarshen 1893, wato cikin hunturu, lokacin da wanzamai ke yin kaciya domin ciwo ya fi saurin warkewa. Na fi yarda da ita da ta ce ba za ta rantse a kan kalmar ba, domin wanda ya haddace labari daga littafi da sunan zai fara. A al'ada ana yi wa yara kaciya suna da shekara bakwai zuwa tara ko goma, kuma tunda su bakwai aka haɗa, dole akwai babba akwai ƙarami a cikinsu. Wannan ya mayar da haihuwarsa tsakanin 1884 da 1887, a tsakiyar ƙofar da Malam ya buɗe da lissafin azumi.

Sauran kuma sai su bi layi. An haife shi a farkon sarautar Bello. Yana ɗan shekara 15 zuwa 18 aka ci Kano, saurayi ne a gandun ubansa, don haka rashin aurensa ba abin mamaki ba ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kuma kakar wannan shekara ce manoma suka cika Kano da gyaɗa. Damina ta gaza a 1913, yunwar ta yi tsanani a 1914, a nan aka haifi babban ɗansa yana dab da talatin. Murar da ta kashe matarsa ita ce annobar da ta game duniya a 1918, ta iso ƙasar Kano a ƙarshen shekarar, Sarki Abbas kuma ya rasu a 1919. Ya haifi Goggo yana da kimanin hamsin, ya haifi mahaifinka yana dab da saba'in. Ya rayu a ƙarƙashin Bello da Tukur da Alu da Abbas da Usman da Abdullahi Bayero da Sanusi da Inuwa da Ado Bayero, sarakunan Kano tara. Ni da zan rubuta shafin nan, wannan zan sa a gaba, domin ya fi kowace lamba nuna tsawon zamaninsa.

Idan kana son ƙarin bincike, rahotannin kimanta haraji na gundumomi suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Kada ka sa rai za ka ga sunan kakanka, talaka ba ya cika shiga waɗannan takardu, amma kana iya samun jerin dagatan garinku, wanda zai taimaka idan Goggo ta san dagacin da aka yi aurensa a zamaninsa.

Almajirin Zaure:

Domin cika lissafi: ya rasu a Zulhajji 1392. Idan an haife shi a azumin 1301 zuwa 1304, ya yi shekara 88 zuwa 91 da ƙirgar Hijira, wato 85 zuwa 88 da ta Miladiyya. Ina ba da shawarar a rubuta duka biyun, domin shi da kansa da watan sama yake ƙirga azuminsa, ba da Janairu ba.

Mai Kishin Gida:

Ban ce na sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, amma maganar Takai ta shige ni. Abin da nake roƙo shi ne idan za a rubuta, kada a rubuta shi ta yadda yara za su karanta su ce tsofaffin gida maƙaryata ne. A ajiye 110 ɗin a shafin a ce haka dangi suke faɗa, sannan a kawo lissafin a ƙasa.

Jikan Ɗan'azumi:

Yaya, haka zan yi, kuma na gode da ka tsaya a kan wannan. Na karanta wa Goggo jerin sarakunan tara, tana ƙirgawa da yatsu, da na gama ta ce ai ta gaya mana ya daɗe. Da na ce mata lissafi ya nuna kimanin casa'in ne, sai ta ce mu da muke da alƙalami mu rubuta abin da muka ga dama, ita dai ubanta ɗari da goma ya yi. Babban yayanmu kuwa bai ji daɗi ba, domin ya riga ya ba mai zane lambar 110 a sa a bangon littafin, yanzu muna kan tattaunawa.

Wani abu kuma ya taso. A cikin hirar ta ambaci cewa ƙanin kakanmu almajiri ne, kuma Alƙur'aninsa na hannu da wani kundi suna wajen jikokinsa a Wudil cikin gafaka, ta ce ta sha ganin yana rubutu a bayan takardun idan an yi haihuwa ko rasuwa. Ranar Asabar zan je in gani, idan sun yarda su buɗe mini.

Almajirin Zaure:

Idan sun buɗe, ka ɗauki hoton warƙar farko da ta ƙarshe da gefen kowace takarda da ka ga rubutu a karkace, kuma kada ka jera takardun yadda ka ga dama, ka mayar da su yadda ka same su. Mai yiwuwa ba za ka ga shekara da lambobi ba, domin malamanmu na da sukan rubuta ta da ramzi, wato da haruffa, kuma lissafin haruffan da suke bi na Magariba ne, inda shinun take dubu, sinun kuma ɗari uku. Wanda ya karanta da lissafin Gabas zai ba shinun ɗari uku, sinun sittin, ya fito maka da shekarar da ba ta da ma'ana. Idan ka ga kalma ta fara da waɗannan haruffa biyu a kusa da sunan wata, ka turo mini ita yadda take.